Kalmar da Na Jefi Ya Falmata da Ita

Shekara bakwai ke nan da aka fita da gawar mahaifina daga gidanmu na Gwange. Malam Sule Tafinta ake ce masa, mu kuma Baba. Kowace shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo sai in ɗauki biro in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in yi layi biyu in ajiye. 'Yan uwana suna zaton kuka ne yake hana ni. Ba kuka ba ne, kunya ce. Na san ba zan iya rubuta gaskiyar Baba in tsallake tawa ba, tawa kuwa ba ta da daɗin ji.

Iyayensa 'yan kasuwa ne daga Kano da suka zo Maiduguri suka zauna. Shi a nan ya buɗe ido. Ya tsinci Barbarci a layin unguwa, ya tsinci Larabcin Shuwa a kasuwar shanu, makaranta ta ba shi Turanci, Hausa kuma a gida ya sha ta. Ya auri Innarmu, Babarbariya 'yar Gwange, wadda har ta koma ga Allah tana yi masa dariyar cewa Barbarcinsa na kotu ne, babu gishiri a ciki. Ya fi shekara talatin yana tafinta a wata kotu a cikin gari, tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin yarensa. Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, Rabi, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Abu biyu yake yi a wurin aiki waɗanda babu dokar da ta sa shi. Na farko, idan an karanta wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi, Baba ya fassara, ba ya barin mutumin ya amsa sai ya ce masa, "Maimaita mini da bakinka, me aka ce ka yi?" Ya ce ya ga mutane da yawa suna gyaɗa kai don tsoro, ba don sun gane ba. Na biyu, idan alƙali ya wanke mutum, Baba yakan faɗi hukuncin da ƙarfin muryar da ya faɗi tuhumar, ba ya rage ko kaɗan. Sannan ya taka zuwa barandar kotu, inda dangi da maƙwabta da 'yan jin ƙwaƙwaf suke zaune, ya sake faɗa da Hausa, ya faɗa da Barbarci, in akwai Shuwa ya faɗa da Larabcinsu: an wanke wane, ba a same shi da laifi ba. Abokan aikinsa suna tsokanarsa da mai shela. Shi kuwa cewa yake ranar da aka kawo mutumin duk unguwarsu ta ji, to don me ranar wanke shi za ta zama ta raɗa?

Yana da wani littafin rubutu mai jan bango da yake tara kalmomin shari'a a ciki. Yana wurina yanzu a unguwar Mairi, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare. Duk kalmar da ta ratsa bakinsa a kotu sai ya bi ta har gidansu. Ya tambayi gwanayen malamai, ya tambayi tsofaffin alƙalai, ya rubuta abin da ya gamsu da shi, abin da bai gamsu ba ya sa masa alamar tambaya. Mu 'ya'yansa mun sha wahalar littafin nan. Ka shigo da gudu ka ce wane ya sace maka fensir, sai Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Zauna. Gani ka yi ko zato kake?" Kafin a gama shari'ar ka manta da fensirin.

A wurinsa zato yana zaune ne a cikin zuciya, bai cuci kowa ba tukuna sai mai shi. In ya fito baki ya sauka a kan wani, ya zama zargi. Baba yana ganin zargi ɗan uwan zarga igiya ne, irin yadda ake zarga wa akuya a wuya. A gefen wannan bayanin ya sa alamar tambaya, amma ya rubuta a ƙasa cewa duk wanda aka taɓa zargi ya san yadda wuya yake yi. Tuhuma kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma abin da ya fi burge shi shi ne tushenta ɗaya da kalmar da Larabawa suke kiran abin da zuciya ta raya wa mutum ba tare da tabbas ba. Wato ita kanta kalmar da hukuma take kama mutum da ita tana amsa cewa ba a tabbatar ba tukuna. Shi ya sa ko an kawo mutum da akuyar a hannunsa, Baba ba ya ce masa ɓarawo. Wanda ake tuhuma yake cewa, har sai alƙali ya buɗe baki.

Ƙara tamu ce ta Hausa, kuma ya ce ba ta da nisa da kuka, shi ya sa wanda aka cuta yake cewa zai kai kukansa. Malaman fiƙihu kuma da'awa suke ce mata, ƙa'idarsu kuwa ita ce wanda ya kawo da'awa shi zai kawo hujja, ba wanda aka kawo ba. Laifi, wani gwani ya gaya masa, daga kalmar Larabci ta aibi ya fito, bakinmu ne ya lanƙwasa shi. Caji na Turawa ne, ya zo tare da ɗan sanda da ofishinsa. Baba yakan ce Barebari ma sun ari da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi, tunda littattafai ɗaya malamansu da namu suka karanta. Amma kalmar da yake rage murya idan zai faɗe ta ita ce ƙazafi. Asalinta jifa, irin na dutse. A littafin shari'a jifan mutum da zina ne ba tare da shaidu ba, mu Hausawa muka faɗaɗa ta ta rufe duk wani ƙage, wato abin da mutum ya ƙaga ya liƙa wa wani.

Sau da yawa ina riƙe da waya sai in ce Allah Ya rufa wa Baba asiri da bai ga wannan zamanin sosai ba. Yau a ɗauki hoton mutum a kasuwa, rigarsa a yage, a rubuta ɓarawo a ƙasa, kafin azahar ya shiga wayar kowa daga Gwange har Jiddari Polo. Malamai 'yan uwana a ɗakin hutu su tura wa juna, kowa yana Allah wadai. Bayan kwana biyu a gano ba shi ba ne. Wa zai tura wannan? Babu. Na san abin da Baba zai tambaya, zai ce wa ya gani, wa ya ji ta bakinsa, ina barandar da za a fita a wanke shi. Sai dai duk lokacin da na buɗe baki zan yi wa wani wannan faɗan, sai harshena ya yi nauyi. Ni ban buƙaci waya ba. Da bakina na yi nawa, a tsakar gidan Baba.

A shekarun da ƙauyuka suka watse mutane suka kwararo cikin gari, Baba ya dawo gida wata rana da wata mata da 'yarta. A bakin masallaci ya same su, mijinta ya rasu a hanya. Falmata sunanta, muna ce mata Ya Falmata yadda Barebari suke girmama babba, yarinyar kuma Yagana. Ya ba su ɗakin da Inna ta bari, don lokacin ba ta daɗe da rasuwa ba. Ya Falmata ba ta jin Hausa sosai a lokacin, amma hannunta yana da albarka. Ta iya haɗa turaren wuta da humra irin wanda in ta turara maka kaya sai an wanke su sau uku ƙamshin bai fita ba. Kafin shekara ta zagayo babu bikin da za a yi a layinmu ba a kira ta gyaran amarya ba. Da wannan take ci da kanta da 'yarta. Aiki ne na amana, don sai an buɗe mata akwatunan amarya an bar ta da su ita kaɗai a ɗaki.

Da bikin ƙanwata Zainabu ya taso, wadda za a kai Kano, na dawo gida na zama uwar biki. Ya Falmata ta ɗauki nauyin turara kayan amarya gaba ɗaya, ta ce wannan nata ne, Malam ya yi mata abin da ya fi haka. Kwana huɗu ana kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, a kan kasko, ana shimfiɗa atamfofi da lafayoyi a kai ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi yana ratsa su, a naɗe da zafinsu a jera a akwati a rufe don kada ƙamshi ya tsere. Ni kuma na fito da lafayar Inna, wata mai ruwan zuma da ratsin ja a baki, wadda take sawa ranar Sallah. Ita kaɗai na riƙe a cikin kayanta. Na ce ita zan sa ranar kai amarya, don in ji kamar Inna tana wurin. Na miƙa wa Ya Falmata na ce ta turara mini.

Ranar da za a tafi da amarya, an riga an ɗora akwatuna a mota, na shiga in shirya, babu lafaya. Na birkice ɗaki, na birkice na Baba, na leƙa har bayan randa. Tsakar gida cike da mata, za su kai talatin. Na tambayi Ya Falmata, ta ce ta turara ta naɗe ta ajiye, ta rasa tuna inda ta ajiye, ga gajiya ga Hausar da ba ta ishe ta ba. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san bakina yana riga tunanina fita. Ga rashin barci, ga kewar Inna ta taso mini. Na tsaya a tsakiyar mata na ɗaga murya na ce an ba mutum ɗaki an ba shi abinci, abin da zai saka da shi ke nan. Na ce ɓarauniya. Sau biyu na faɗa, na biyun da Barbarci, don kada ta ce ba ta ji ba. Ta dube ni, ta kama hannun Yagana suka shiga ɗaki.

Washegari da hantsi Baba ya kira ni gindin dalbejiyar ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba, ai bai iya ba.

"Uwata, kin gan ta ta ɗauka?"

Na ce a'a.

"Akwai wanda ya gani ya gaya miki?"

Na ce babu, amma a hannunta na bar ta.

"Ta amsa?"

Na ce ba ta amsa ba.

"To zato kike da shi. Ko tuhuma bai kai ba. Amma jiya kin zama mai ƙara, kin zama shaida, kin zama alƙali, kin yanke hukunci kin yi shela, duk a numfashi ɗaya. Shekara talatin ina kotu ban ga alƙalin da ya kai ki sauri ba. Tashi ki je ki janye."

Na cika na yi fam. Na ce wallahi ba zan janye ba sai ta fito da lafayar Inna, in ba ita ta ɗauka ba ta nuna wanda ya ɗauka. Baba ya ce na kifar da shari'a ƙafa a sama, ni da na kawo magana ina neman wadda na jefa ta kawo mini hujja. Ya tashi ya shiga wurin Ya Falmata, na ji shi yana ba ta haƙuri da Barbarcinsa na kotu. Bai yi amfani ba. Kwana uku tsakani ta ɗaure 'yan kayanta, ta buɗe ƙullin a gaban Baba ta ce ya duba, ya juyar da kansa ya ce Allah Ya kiyaye. Ta tafi da 'yarta. Ni kuwa na ce wa mata ga shi nan, mara gaskiya ce ta gudu.

Wata biyar bayan haka Zainabu ta kira ni daga Kano. Ta buɗe akwatin ƙarshe, wanda ta ajiye ba ta taɓa ba don ƙamshinsa ya daɗe. Ta ce, "Yaya, kin san lafayar Inna tana cikin kayana?" Tana tsakiyar wasu atamfofi biyu, an naɗe su tare daga kan kabbasa. Kuma na tuna sarai wadda ta kwashi wannan jerin ta danna a akwati tana faɗan a yi sauri mota na jira. Ni ce.

Lokacin Baba ya riga ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na same shi da rana a ɗakinsa na gaya masa, kaina a ƙasa. Na zaci zai ce ai na gaya miki. Sai kawai ya tambaye ni mata nawa ne a tsakar gida ranar. Na ce za su kai talatin. Ya ce, "To ba Falmata kaɗai za ki je wa ba. Ki tara su, ki tsaya inda kika tsaya, ki faɗa da muryar da kika faɗi waccan." Na ce to Baba, in sha Allahu da zarar ka samu sauƙi. Ya ce sauƙinsa bai shafi wannan ba. Bayan sati shida ya rasu.

Ban yi ba. Ga gaskiyar da ta hana ni rubutu shekara bakwai. Da farko na ce sai an yi sadakar arba'in. Daga nan na ce ban san inda ta koma ba, alhali tambaya ɗaya ta isa. Daga baya na ce ai magana ta mutu, tono ta ma zai fi yi mata ciwo. Na ja wa Zainabu kunne kada ta gaya wa kowa, na ninke lafayar da ta aiko mini na sa a ƙasan akwati, ban taɓa iya sa ta ba. Ina tsayawa gaban yara a aji ina koya musu kada su yi wa juna sharri. Kai, ɗan Adam!

Watanni biyu da suka wuce wata dattijuwa ta yi sallama a gidana. Ta ce sunanta Hajiya Kaltume, ɗan ƙaninta ne yake neman auren wata yarinya a Jiddari Polo, mai suna Yagana. Yaron ya nace, su ma sun ga yarinyar da natsuwa, amma kamar yadda aka saba sun fita bincike kafin a sa rana. A Gwange mata biyu suka gaya musu uwar ta taɓa zama a gidan Malam Sule Tafinta, aka kore ta a kan sata. Maza sun ce a dakatar da magana, ba za su haɗa zuri'a da gidan da ake nuna wa yatsa ba. Ita ce ta ce a bari ta ji daga bakin masu kayan. "Ke aka ce an yi wa satar," in ji ta. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, 'yata."

Ashe maganar da na ce ta mutu tana nan da ranta, ta girma tare da yarinyar, ta jira ta a ƙofar aurenta. Na tashi na buɗe akwati na ɗauko lafayar na ajiye a gaban Hajiya Kaltume, na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi salati. Ta ce ita ta yarda, amma mazan gidansu daga bakin mutum biyu suka ji, unguwa guda kuma ta san zancen, ita kaɗai ba za ta iya kankare shi ba. Wato abin da Baba ya gaya mini yana kwance, shi wannan baiwar Allah ta maimaita mini alhali ba ta ma san Baba ba.

Washegari na hau keke napep zuwa Jiddari Polo da kwatancen da ta ba ni. Na sami Ya Falmata a ƙofar wani ɗaki guda, tana ɗinkin hula, ta kawo ta dab da hancinta saboda ido ya yi rauni. Babu kasko, babu kabbasa, ko ƙamshin turare babu a wurin. Daga baya na ji cewa tun daga bikinmu gidaje suka daina kiran ta. Wa zai bar akwatin amarya a hannun wadda 'yar Malam Sule da kanta ta kira ɓarauniya? Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame. Ta ɗago ta ƙura mini ido har ta gane ni.

"Rabi," ta ce. Hausarta ta nuna yanzu. "Kin zo."

Na ce Ya Falmata, lafayar nan an gan ta, tun tuni, ba ke kika ɗauka ba.

"Na sani ba ni na ɗauka ba," ta ce. "Kuma na san an gan ta. Malam ya gaya mini."

Ashe a cikin ciwon nan, wata rana da muke zaton an kai shi karɓo magani, Baba ya sa mai keke ya yi ta yawo da shi ana tambaya har ya gano ta. Da ƙyar ya sauko. Ya zauna a kan wannan dakalin ya gaya mata an ga kayan, ya roƙe ta gafara don a gidansa aka ci mata mutunci. Ta ce masa to Malam ka gaya wa mutane mana. Ya ce zai iya, amma in shi ya faɗa za a ce tausayinsa ne da aka sani, yana rufa mata asiri. Bakin da ya jefa shi zai janye. Ya ce mata, 'yata tana da zafi amma ba ta da mugunta, za ta zo.

"Na ce masa to. Da na ji ya rasu na yi kuka, na ce za ki zo bayan arba'in. Kowace Sallah ina cewa bana." Ta mai da idonta kan hular. "Kin daɗe, Rabi."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na zaro lafayar daga jaka na ce ta karɓa a sa wa Yagana a kayan aure, ita ce abu mafi daraja da nake da shi. Ta ture hannuna a hankali. Ta ce in aka ga wannan a jikin 'yarta, ai sai a ce ga shi nan, dama tana wurinsu. Ta ce ba ta son kaya. Sunanta take so.

Kwana huɗu ina bin gidaje a Gwange, ƙofa ƙofa, ina neman matan da suka halarci bikin Zainabu. Wasu sun rasu, wasu aure ya kai su wani gari, wasu ambaliya ta tashe su ba a san inda suka koma ba. Goma sha ɗaya na samu. Ranar Asabar bayan la'asar muka taru a tsakar gidan Baba. Hajiya Kaltume ta zo da matan gidansu biyu. Ya Falmata ta zo ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da ta taɓa zama. Na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon, kusa da randa, na ɗaga lafayar kowa ya gani. Na tuna barandar kotu na ɗaga muryata. Na ce Ya Falmata ba ta ɗauki komai ba, ni na sa kayan a akwatin amarya da hannuna, ni na yi mata ƙage, kuma na san gaskiya shekara bakwai na ɓoye. Na sake faɗa da Barbarci, tunda da shi na zage ta. Wata tsohuwa ta gyara mini kalma biyu, aka ɗan yi dariya, wasu kuma suna share ido. Ya Falmata ta ce, "Na ji."

Satin da ya wuce aka sa ranar Yagana. Na tambayi Ya Falmata ko za ta bar ni in zo in taya ta turara kayan amarya. Ta ce in zo, amma wannan karon in duba da kyau kafin in rufe akwati. Na yi dariya, ita ma ta yi. Sai dai ban yaudari kaina ba. Auren ya tsira da ikon Allah, amma shekara takwas na sana'arta ba za su dawo ba, idon da hula ta cinye ma haka. Babu kalma a jan littafin Baba da take mayar da wannan.

Baba bai bar gidaje ba, bai bar suna a jikin wani titi ba. Ya bar littafi mai alamomin tambaya, ya bar mutanen da har yau suke tare ni a kasuwa su ce mahaifinki ne ya fita baranda ya faɗi cewa an wanke ni. Ya kuma bar alkawarin da ya ɗauka da sunana ban sani ba, don ya yarda da ni fiye da yadda na cancanta. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin kunyarsa ko yanzu da ba ya nan. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Inna a Aljanna.

Mata talatin ne suka ji ni a wancan bikin, goma sha ɗaya kawai na samu. Sauran ban san inda suke ba, ban kuma san mutum nawa kowacce ta gaya wa ba. Wannan shafin shi ne barandar da na iya samu. Duk wanda ya taɓa jin an ce wata mai turare da ta zauna gidan Malam Sule Tafinta a Gwange ta ɗauki kayan mutane, to daga bakina maganar ta fito, kuma ƙarya ce. Ya Falmata ba ta ɗauki komai ba. Don Allah wanda ya karanta ya gaya wa wanda ya gaya wa waccan, kuma kada ya rage murya.

Baba, na je. Na daɗe, amma na je.